Sabon Bel Don Suruki

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Lyon a shekarun nan ya san Hayatu mutumin Tawa, kuma da maganar bel ya san shi. In an taru cin shinkafa ranar Lahadi a Villeurbanne, garin da ke manne da Lyon, wasu na zancen siyasar gida, wasu na kukan takardar zama, shi kuwa da ya samu 'yar kafa sai ya karkatar da hira zuwa igiyar roba. Har tsokanarsa ake yi, a gaishe shi a ce ya iyali, ya bel. Ya amsa da zuciya ɗaya, bai ma lura ana ƙunshe dariya ba. Mutum ne mai tsoron abu tun kafin abin ya taso, irin wanda in ya kulle ƙofa sai ya dawo daga bakin titi ya sake taɓa ta. Da za a ce a zaɓi mutum ɗaya a Faransa da za a ba amanar tsoho a kan dutsen ƙanƙara, shi za a zaɓa. Shi ɗin kuwa aka ba, a lokacin ɗarin 2015, kuma tsohon nan surukinsa ne.

A 2002 ya zo karatun injiniya. Paris ya fara sauka, a Montreuil, ɗakin wani kawunsa a gidan ma'aikata, inda tukunya ba ta sauka daga wuta kuma ba a rasa mai barci ko da tsakar rana. Da yamma yana aiki a wani garejin sukuta, baburan nan na masu kai saƙo da abinci. Sukuta ba ta da sarƙa. Bel ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa taya, yana gudu tsakanin wasu faya-fayan ƙarfe da ke matse shi. Wata rana aka kawo wata sukuta a bayan mota, ta lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka. Bel ɗinta ne ya tsinke a kan babbar hanyar da ta kewaye Paris, ga babbar mota a baya. Mai ita, wani ɗan Mali mai yawan fara'a, ya rayu, amma bai sake taka ƙafarsa daidai ba. Ba Hayatu ya saka bel ɗin ba. Shi dai aka sa ya tsince ragowarsa daga cikin injin, kuma tun ranar bai ƙara ɗaukar bel abin wasa ba.

Ya ƙarasa karatu a Villeurbanne, ya samu aiki a wani ɗan kamfani a gefen Lyon mai sayar wa mutanen duwatsu injuna, yana kuma kula musu da su. A nan ya haɗu da motonej, wato babur ɗin ƙanƙara: gaba ƙafafu biyu masu sulɓi, baya wata faffaɗar shimfiɗar roba mai haƙora tana juyawa irin ta katafila. Masu gidajen abinci na can sama da shi suke hawo da burodi da gas in dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Yaron da ya tashi yana tsalle-tsallen gudun zafin rairayi, ga shi yana ba Turawan dutse shawara a kan abin hawansu, su kuma suna saurare, don abin da ya gyara ba ya yar da mutum a daji. Motonej ma da bel yake tafiya, irin na sukuta, sai dai ya fi kauri, kuma inda yake tsinkewa ba a samun mai wucewa.

Abin da Hayatu ke faɗa wa kowa ba shi da yawa, maimaitawar ce ke gajiyar da mutane. Kada ka sayi bel don ya yi kama da naka, lambar injinka za ka bi, don ɗan faɗin da ido ba ya gani shi ke sa bel ya riƙa zamewa ko ya shaƙe. Sabon bel kuma bai zama abokin tafiya ba tukuna. Yana fitowa daga ma'aikata da wani maiƙo a jikinsa, sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu an bar shi ya bushe. In an saka shi, a lallaɓa shi a tafiyar farko, ban da gudu, ban da kaya, ban da hawan tudu da ƙarfi, har ya kwanta cikin faifansa. Rodaj ke nan, kamar na sabon babur. Kada kuma a tayar da inji a fizga. A bar shi ya yi ɗumi, a ɗaga gindin motonej a sake shi ƙasa, don shimfiɗar tana kwana manne da ƙanƙara. In ka ba da wuta tana manne, faifai zai yi ta juyawa a wuri ɗaya ya ƙone bel ɗin, ya bar masa siririn ƙugu, daga nan kuma kwanansa ya ƙare. Na ƙarshe shi ne wanda yake faɗa yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa: kada ka hau dutse ba ka da na biyu a cikin injin.

Matarsa Hassia 'yar Damagaram ce, karatun haɗa magunguna ya kawo ta Lyon. Mahaifinta Alhaji Saley baduku ne, cikin waɗanda ake kai wa fata in ana son abin da za a bar wa jikoki, har yanar ido ta zo ta raba shi da basilla. Tsakanin Hayatu da Alhaji kuwa kunya ce irin ta da, wadda zaman Turai bai goge ko gefenta ba. Tun da aka ɗaura auren Hayatu bai taɓa cin abinci a gaban tsohon ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Sunansa kuwa ko a bayan idonsa ba ya faɗa, har wani ɗalibi da ke da wannan suna a Villeurbanne ya saba da a kira shi Mai Sunan Alhaji. Shi ma Alhajin ba ya magana da shi kai tsaye. Sai dai ya dubi bango ya ce a gaya wa maigidan nan kaza, alhali maigidan nan yana tsugune a bakin ƙofa yana ji. Kowa na yaba musu wannan zama, kuma abin a yaba ne, in dai a ɗaki ake.

A farkon shekarar nan Abdourahamane ɗan Alhaji, wanda ke zaune a Sevran a gefen Paris, ya kawo tsohon Paris aka yi masa aikin ido. Ranar da aka cire bandeji tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce a nemo masa basilla da zare, aikinsa ya dawo. Bayan ya warware suka sauko Lyon ganin jikarsa Nuriyya, 'yar Hassia da Hayatu. Wata safiya sama ta washe, ya tsaya a taga ya hango wasu fararen duwatsu can nesa wajen gabas. Ya tambayi Hassia ko can ne maigidan nan ke aiki. Ta ce can ne. Sai ya ce a gaya wa maigidan nan, Allah ya mayar masa da ido, yana so ya je ya ga abin nan da kansa kafin ya koma gida.

Hayatu bai so ba. Yana da aiki a dutse kashegari, a motonej ɗin wata dattijuwar Bafaranshiya mai gidan abinci a sama, wadda ta rufe gidan ta tafi wurin 'yarta ta bar masa makullin rumfar da ke gindin hanya. Niyyarsa ya je shi kaɗai, ya duba injin, ya kai sabon bel ɗin da ta yi oda, don na ajiyarta ya riga ya ƙare. Sabon nan yana cikin kwalinsa, ko wanke shi bai yi ba. Ga shi kuma an faɗa a rediyo cewa yamma za ta ɓaci. Ya samu Hassia a kicin ya faɗa mata damuwarsa, ta yi dariya ta ce to ya je ya faɗa wa Baba da bakinsa. Da ta ga fuskarsa ta daina dariyar.

"Wa zan ba Baba in ban ba ka ba?" in ji ta. "Ka kai shi ya gani, ka maido min shi."

Da safe baƙi suka zo gaida Alhaji, aka yi ta ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya bayan rabuwa, Hayatu yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ba halin ya ce a tashi. Sai bayan azahar suka isa gindin dutsen. Sama ta riga ta yi nauyi, ta sauko har kan dogayen itatuwan nan masu duhu, iska kuma ta tsaya cak. Abdourahamane, wanda ya rako su, ya leƙo da hancinsa ya ce shi da sanyin nan ba su da wata hulɗa, zai jira a mota da na'urar ɗumi.

Hayatu ya buɗe murfin injin don ya duba. Bel ɗin da ke ciki ya yi aikin shekara guda, gefensa ya yi sumul daidai, faɗinsa bai ragu ba, yana kan ganiyarsa. Sai ya ji numfashi a kafaɗarsa. Alhaji ne ya duƙo da sabon idonsa, ya cire safar hannu, ya bi gefen bel ɗin da babban yatsa yadda ya saba bin fata. Ya juya wajen motar ya ɗaga murya kaɗan, wai da ɗansa yake.

"Abdourahamane, igiyar nan ta ga duniya. In da ta sirdi ce, ni ban barin ta ɗauki mutum."

Magana ɗaya ce za ta raba gardama. Abin da ya kamata shi ne Hayatu ya ce Alhaji, wannan ɗin shi ne mai lafiya, sabon ne abin tsoro. Amma faɗin haka daidai yake da ce wa tsohon bai san abin da yake gani ba, da idon da aka gyara jiya jiya, a gaban ɗansa, a kan igiya, shi da ya tsufa cikin igiya. Kuma in za a faɗi gaskiya, akwai wani abu a zuciyar Hayatu da ya ji daɗin samun dama. A gidansu ba a shimfiɗa wa babban baƙo tabarmar da aka zauna a kai, ba a ba shi ruwa a tsohon kofi. Shekara da shekaru bai taɓa yi wa surukinsa wani abu da hannunsa a gaban idonsa ba. Ya ɗauko kwalin ya yage shi. Bel ɗin ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, yana warin ma'aikata, da santsinsa a jiki. Ya cire tsohon ya saka sabon.

Alhaji ya ce madalla, kuma a karon farko ba bango ya faɗa wa ba. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki tsohon bel ɗin daga kan benci, ya juya shi, ya matsa shi, ya ce tunda an gama da shi zai tafi da shi gida ya yanka ya ga abin da Nasara suka zuba a ciki da ya sa yake da ƙarfi haka. Ya taka da kansa ya kai wa Abdourahamane ya ce a sa masa a jaka. Hayatu ya bi bel ɗin da ido har aka rufe ƙofar mota. Wurin ajiyar na biyu yana nan a cikin murfin injin, fanko, yana kallonsa. Ya rufe murfin.

Kafin ya juyo Alhaji ya yi bisimilla ya haye kujerar baya, ya gyara zama, ya tattare babbar rigarsa da ke leƙowa ƙarƙashin kwat. To wa zai ce wa suruki sauka in ɗaga gindin inji? Wa zai bar shi zaune cikin wannan sanyi ana jiran ƙarfe ya yi ɗumi? Hayatu ya tayar da inji ya hau, ya danna wuta a hankali. Motonej bai motsa ba, shimfiɗar tana manne da ƙasa. Ya ƙara dannawa. Wani siririn ƙara ya fito daga ƙarƙashin murfin, sannan warin roba mai ƙonewa ya bugi hancinsa, warin da zai iya ganewa ko cikin barci. Sai shimfiɗar ta ɓalle da ƙarfi suka yi gaba. Ya ce a ransa zai kai shi lanƙwasa ta farko kawai, ya nuna masa kwari, su juyo.

Abin da bai yi lissafinsa ba shi ne hannuwan Alhaji. Da injin ya fizga, tsohon ya rungumo ƙugunsa da hannu biyu, ƙirjinsa manne da bayansa, gemunsa yana taɓa wuyansa. Mutumin da ko tabarma ɗaya ba su taɓa haɗawa ba. Hayatu ya ji bayansa kamar an ɗora masa garwashi, duk sanyin nan zufa ta keto masa. Ba abin da yake so a duniya irin tafiyar nan ta ƙare, kuma ba yadda za ta ƙare da wuri sai da gudu. Ya ba da wuta. A lanƙwasa ta farko ya sassauta zai juya, sai ya ji muryar tsohon a kunnensa yana ta subhanallahi, yana cewa a ƙara gaba kaɗan, a ƙara gaba. Suka shiga cikin itatuwa. Hanya ta miƙe sama. A ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu ya fara jin wani ɗan bugu, tif, tif, tif, duk zagaye ɗaya bugu ɗaya, wurin ƙunar ne yake wucewa ta faifai. Ya sani sarai, kuma ya ci gaba yana roƙon Allah su kai gidan sama.

A tsakiyar wani dogon tudu bel ɗin ya fashe. Ƙarar ta yi kamar ta bindiga, injin ya yi wani kuka ya mutu, motonej ya tsaya ya ɗan zamo baya. Sai shiru, irin shirun da Hayatu bai taɓa ji ba a duk zuwansa dutse. Ya buɗe murfin. Zaren bel ɗin ya tarwatse ko'ina kamar gemun masara, kuma a fashewar ya tsinke wayoyin wuta, don haka ko ɗumin inji ba za su samu ba. Ya ciro salula, babu layi. Tafiyar da injin ya cinye cikin ɗan lokaci, ƙafa sai ta yi awoyi a kanta. Alhaji ya sauka don ya gwada, takun farko ya nutse har cinya, gwiwarsa ta ƙi. Hayatu ya tsuguna ya ba shi baya, tsohon ya yi jinkiri sannan ya hau. Ba su yi nisa ba suka kife tare. Gajimare ya sauko ya rufe itatuwa, har motonej ɗin da ke bayansu ya zama inuwa. Hayatu ya ga in ya bar shi ya tafi neman taimako ba lallai ya sake gano wurin ba, sai suka rarrafa suka koma jikin injin.

Alhaji bai yi ƙorafi ba. Ya dubi sama ya ce la'asar tana wucewa. Ya cire safar hannu duka biyu ya ajiye a kan kujera, ya ɗebi dusar ƙanƙara ya murza ta a tafinsa har ta narke, ya fara alwala. Hayatu ya san jiƙa hannu a wannan wuri ganganci ne, ya san ga dutse nan a gefe da za a yi taimama a kai. Amma shi wane ne da zai koya wa Alhaji tsarki? Ya sunkuyar da kai. Suna cikin salla iskar da ta yini a tsaye ta taso, ta ɗauki safar hannun dama ta gangara da ita kwari. Da suka sallame Hayatu ya cire tasa ya ajiye kusa da tsohon, ya kau da kai. Alhaji ya tura masa abarsa da gwiwar hannu, ya ce wa iska a gaya wa maigidan nan ya sa kayansa, hannunsa ne ke ciyar da gida. Ya cusa nasa hannun cikin hannun riga. Safar nan ta zauna tsakaninsu a kan kujera, ba wanda ya ɗauka, dusar ƙanƙara tana rufe ta.

Haske ya fara raguwa. Da farko tsohon yana rawar ɗari har haƙoransa na haɗuwa, yana jan salati a katse. Daga baya rawar ta tsaya. Ya jingina da injin ya ce ai sanyin ya yi sauƙi, bari ya ɗan runtsa. Hayatu ya sha jin mutanen dutse suna faɗin abin da wannan ke nufi, kuma tsoron da ya kama shi a lokacin ya fi duk wata kunya da aka raine shi da ita. Ya buɗe kwat ɗinsa ya jawo surukinsa jikinsa ya rungume. Ya zaro hannun daman daga cikin riga, ya ga yatsun sun yi fari fat sun sandare, ya cusa su a hammatarsa. Ya ce Alhaji. Shiru. Ya ce Baba, kada ku yi barci. Kan tsohon ya faɗo a kafaɗarsa.

Sai ya kama kafaɗunsa ya girgiza shi da ƙarfi, ya sa bakinsa a kunnensa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

"Saley. Saley, tashi."

Idon tsohon ya buɗe kaɗan, amma ba Hayatu yake kallo ba. Shekaru masu yawa ba wanda ya kira shi da sunansa tsura, duk masu wannan iko suna ƙarƙashin ƙasa. Ya yi wani ɗan murmushi.

"Na'am, Inna," in ji shi. "Ga ni nan tafe."

Hayatu ya mari surukinsa a kumatu, ya sake kiran sunan, ya ce ba inda za shi. Ya ce ya faɗa masa yadda ake jeme fatar akuya, tun daga farko, yanzu. Tsohon ya yi gunaguni ya ce toka. Sai me? Ya ce bagaruwa. Duk lokacin da muryar ta nutse, Hayatu ya kira sunan ya girgiza shi, ya ce ƙarya ne, ba haka ake yi ba, don ya ba shi haushi ya farka. Haka suka yi ta yi, yana kuka yana musu da surukinsa a kan jima, har duhun magariba ya rufe su. Can ya hango wasu fitilu suna hawowa ta cikin itatuwa. Abdourahamane ne ya ga shirun ya yi yawa ya kira masu ceto.

Alhaji ya rayu. A asibitin Lyon likitoci suka yi ta jira ko yatsun za su dawo, biyu suka ƙi, manuniya da ta tsakiya, a hannun basilla. Aka cire su. Masu ceto sun ce bel ne ya tsinke, abu ne mai faruwa, ba wanda ya tambayi fiye da haka. Hassia ta rame a zaman jinya, amma kullum in sun dawo gida sai ta riƙe hannun mijinta ta ce ba don shi ba da gawa za a sauko da ita. Shi kuwa abinci ya daina shiga cikinsa. Game da sunan da aka kira da marin da aka yi, Alhaji bai taɓa nuna ya tuna ba, kuma Hayatu bai san ko mantuwa ce ko rufin asiri ba.

Ana gobe jirgin Alhaji zai tashi, aka taru a gidan Abdourahamane a Sevran da rana don sallama. Falon ya cika da dattawan Montreuil da ɗalibai, takalma sun taru har kan matakala. Hayatu yana tsugune a wurinsa na bakin ƙofa. Ana cikin jaje, wani dattijo mai son tone-tone ya ce, yana kallon silin, shi abin da ke ba shi mamaki, injin da ke hannun masana, a ce ya yar da mutum a daji, ko dai ba a duba shi da kyau ba ne? Alhaji ya ɗaga hannunsa mai bandeji.

"Kada wanda ya sake faɗin haka," in ji shi. "Ɗana Hayatu ba abin da bai yi ba. Tsohuwar igiya na tarar a ciki, ya ce ba da ita za a ɗauke ni ba. Sabuwa fil ya saka mini. Abin da Allah ya rubuta ne ya auku."

Ɗana Hayatu. Mutane suka dubi juna, don ba su taɓa jin suruki irin Alhaji ya kira mijin 'yarsa haka a bainar jama'a ba. Aka shiga cewa madalla, ɗan halak ke nan.

Hassia ta shigo ke nan da tiren shayi. Ita ce matar da ta yi shekaru tana kwashe kwanukanta daga wurin wanke-wanke don a jiƙa baƙar igiya cikin ruwan sabulu, ita ce ke shanya su a bayan ƙofar wanka in shi ya makara. Ta tsaya da tiren a hannu.

"Baba," ta ce, "daga kwali ya fiddo shi? Nan take?"

"Nan take, a gabana ya yage kwalin. Ko jira bai bar ni na yi cikin sanyi ba, muna hawa muka tafi."

Ta ce to. Ta durƙusa ta ajiye tiren, ta zuba wa kowa shayi. Mahaifinta ya karɓi nasa da hagu. Dattijon da ya yi tambayar ya ji kunya, ya ɗaga hannu ya fara sa wa Hayatu albarka, Allah ya ba shi masu yi masa kamar yadda ya yi wa surukinsa, falon duka ya ɗauka. Hassia ta zo bakin ƙofa da kofi na ƙarshe. Ta tsaya a kansa har sai da ya ɗago ya dube ta, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai shi.

"Amsa musu mana. Kai ake sa wa albarka."

Hayatu ya buɗe tafin hannuwansa biyu, ya ce amin.